Maganin Idon Baba da Abokan Cin Tuwonsa

Shekarar da idon Baba ya fara lalacewa, babu wanda ya tsira daga faɗansa a Kashin Zama. Ƙanena ne ya fara shan nasa. Ya kwashe kwanaki yana jan fangulan albasa, wato kwamin shuka, a fadama, da igiya da turaku, ya gama ya tsaya yana jiran a sa masa albarka. Baba ya zo bakin gona ya duba, ya ce wannan aikin wanda ya sha wani abu ne, ko maciji ya fi layukan nan miƙewa. Ƙanena ya rantse, ya sake ɗaura igiyar a gabansa ya ja ta har tana ƙara. Baba ya ce ai igiyar ma a karkace take.

Daga shi sai maginin da ya ɗaga mana katangar zaure, sai telan da ya yi masa aikin wuya a rigar sallah, sai mai saƙar zanan da muke rufe rudu da shi, wato rumbun nan na kara da ciyawa da ake ajiye albasa a ciki har ta yi daraja. Kowa ya lalace, in ji Baba, zamani ya zo da mutanen da ba su iya miƙe layi ba. Ni ina aure a Jega, unguwar Sabon Gari, ina koyarwa a makarantar firamare, kuma kusan duk ƙarshen mako nakan shiga mota in leƙa gida. Da na sauka Inna za ta fara ba ni labarin wanda aka wanke a satin, mu yi ta dariya muna gyaran wake. Mun ɗauka rigimar tsufa ce kawai.

Dariyar ta tsaya ne ranar da muke tsaye da shi a ƙofar gida, ya nuna mini turken wutar lantarki na bakin hanya, ya ce ya lanƙwashe a tsakiya, ya kamata a gaya wa hukuma tun bai faɗo wa yara ba. Na dubi turken nan, yana tsaye cak. Na koma ciki na ce wa Inna ba duniya ce ta karkace ba, idon Baba ne.

Kai shi asibiti ma wani aiki ne. Cewa ya yi idonsa garau, ko allura ta faɗi a yashi zai tsinto ta. Sai da Inna ta ɗaure masa fuska, duk abin da ya ce sai ta amsa da “to” ta ci gaba da aikinta, sannan ya yarda muka tafi Birnin Kebbi, ni da shi da ƙanena. Aka ɗiga masa magani, aka haska idon, aka ɗauki hoton cikinsa. Likitan mutum ne mai haƙuri. Ya rufe wa Baba idon hagu da ɗan kwali, ya ce ya kalli fuskarsa da na dama ya faɗi abin da ya gani. Baba ya ƙura ido, sai ya ce hasken ɗakin ne bai isa ba.

Likitan bai ja da shi ba. Ya yi mana bayani a hankali, cewa a can bayan ido akwai wani ɗan wuri da bai fi ƙwayar dawa ba, shi ke ganin duk abin da mutum ya tsura wa ido, kamar fuska da rubutu da kafar allura, sauran idon kuwa gefe-gefe yake gani. In shekaru suka ja, wurin nan yakan fara lalacewa a idon wasu, sai layi ya riƙa lanƙwashewa, daga baya tsakiyar abin da ake kallo ta ɓace. Ya ce na dama ya riga ya yi tabo, ba ya dawowa. Na hagu ma ya fara, amma da sauransa, kuma shi za a yi wa tattali. Ya rubuta wasu ƙwayoyi masu sinadarin zinki da bitamin. Ya maimaita mana har sau biyu cewa ba sa warkarwa, ba sa dawo da abin da ya tafi, abin da ake fata shi ne su rage wa ciwon gudu. Sai dai a sha kullum ba fashi, kuma a sha da abinci, domin zinki in ya tarar da ciki wayam yakan tayar da zuciya. Ya ƙara da cewa a yawaita ganye, zogale da alayyafo da rama, da ƙwai da kifi. Kuma kowace safiya Baba ya rufe idon dama, ya kalli wani abu miƙaƙƙe da na hagu, ranar da ya ga ya lanƙwashe a kawo shi ba tare da an kwana ba.

A tasha, muna jiran mota ta cika, Baba ya yi ƙasa da murya ya ce maganar nan ta tsaya tsakaninmu da Inna. Ya ce ya ga yadda ake yi wa wanda aka ce idonsa ya tafi. A karɓe masa fartanya, a shimfiɗa masa tabarma a inuwa, a riƙa yi masa magana da ƙarfi kamar kurma. Shi bai shirya zama a tabarma ba. Na ji tausayinsa, na yi masa alkawari.

Maganin ba a samunsa a ko’ina. Wani mai kemis a Jega ne ya yi mana cigiya aka kawo masa daga birni, kuma ba araha. Ya ce kwalbar za ta kai Baba wata biyu. Na kai masa da kaina, na sake jaddada masa dokokin likita kamar ina gaban aji, yana cewa ya ji. Ba a yi sati biyu ba Inna ta kira ni a waya ta ce magani ya ƙare.

Na san Baba. Mutum ne da in aka ce a zuba wa albasa taki tafi guda, sai ya ƙara rabin tafi don kada ta ce an yi mata rowa. Raina ya ba ni cewa ninkawa yake yi don ya warke da wuri, na bar aji na shiga mota. Na tarar da shi lafiya ƙalau yana gyaran bututun ban-ruwa. Ya rantse mini bai taɓa haɗiye biyu a tare ba, kuma Baba ba ya rantsuwa a kan ƙarya. Na sayo wata kwalbar. Ita ma ta bi ta farko. Sai na juya kan mai kemis, na je na tsaya masa a ƙofar shago ina cewa rabin kwalba yake sayar mini. Bawan Allah ya bari na gama, ya ɗauko sabuwa ya nuna mini bakinta a liƙe tun daga inda aka yi ta, ya ce in buɗe da hannuna. Na buɗe, ga ta cike har wuya. Na biya na fito ina ta gyara mayafi, ban iya ko sallama mai kyau ba.

A unguwarmu maza ba sa cin abinci a cikin gida. Tun ina yarinya haka na tashi na gani. In an sauke tukunya, kowane gida zai fitar da akushi, magidanta su haɗu a ƙofar zaurenmu, a jera kwanuka a tsakiya, a ci na wannan a koma na wancan. Ciyayya ke nan, safe da rana da maraice. Akwai ladanin masallacinmu, akwai tsohon wanzami, akwai maƙwabcinmu da ciwon gwiwa ya sa wa sanda. Ranar kasuwar Aliero kuma sai Baffa ya ƙaru. Baffa Bafulatani ne, rugarsu na gefen Maiyama, abokin Baba ne tun suna samari. Shanunsa ke kwana a gonarmu bayan girbi su bar mana taki, mu kuma mun tashi muna ce masa Baffa kamar ƙanen ubanmu na jini.

Wata ranar kasuwa da ta faɗo cikin hutun makaranta, na ɗauko akushin tuwon rana na kai zaure, ƙanena ya karɓa ya fita da shi. Har na juya sai na ji ƙarar da na sani, ƙarar ƙwayoyi a cikin kwalba. Na tsaya na leƙa ta tsakanin ƙyaure da bango. Baba ne ya zaro kwalbar daga aljihun gaba, ya girgiza ta, ya buɗe, ya fara daga wanda ya fi tsufa, yana sa wa kowa guda a hannu kamar yadda yake rabon goro. Su kuma suna tara hannu bibbiyu suna cewa Allah ya amfana. Ladan ya ce tun da ya fara shan maganin nan shi ke riga kowa ganin jinjirin wata. Mai ciwon gwiwa ya ce jiya har fadama ya taka bai huta ba. Wanzami ya ba da labarin yadda ya ajiye tasa ya haɗiye da sassafe kafin koko, ya yi amai har ya ga taurari, ya ce bai taɓa ganin magani mai gaskiya irin wannan ba, duk dattin cikinsa ya fitar. Baffa ya karɓi biyu ya ƙulle a gefen rawani.

Da aka zagayo kan Baba, ya kifa kwalbar a tafinsa, ya bubbuga gindinta, babu abin da ya faɗo. Ya mayar da ita aljihu, ya yi bisimilla, ya sa hannu a tuwo.

Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu. Ba rabon ne ya ƙona mini rai ba, ganin shi da aka saya dominsa ya tashi a tutar babu, kuma ko a jikinsa. Ido ɗaya ya rage masa, shi ma ya fara, ga abin da za a tallafe shi da shi yana tafiya cikin ladan da wanzami waɗanda idanunsu ba abin da ya same su. Na koma tsakar gida na sauke wa Inna duk abin da ke bakina. Ta bari na gama, ta ce ita tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin mutumin nan ya ci ko gyaɗa guda shi kaɗai ba, haka ta tarar da mahaifinsa ma. Ta ce ita ba ta san rabo yake yi ba, amma da an tambaye ta da ta yi zato.

Da ya shigo na durƙusa daga bakin ƙofa, na faɗi abin da na gani. Na so in faɗa da ladabi, muryar ce ta ƙi. Bai musa ba.

“To ƙaƙa kike so in yi?” in ji shi. “Likita ya ce da abinci. Abinci kuwa da mutane nika ci nai. In hiddo abu gaban mutane in kai baki ni ɗai, suna kallo? Ban iya ba.”

Na ce to ya ci abincin, ya shigo ɗaki ya sha. Ya ce wannan ya fi muni, ya cika cikinsa da tuwon mutane sannan ya zo ya laɓe yana haɗiyar abu kamar ɓarawo. Kuma ya riga ya saba musu, in suka ga kwalba ta daina fitowa me za su ce, in ba rowa ta kama shi da tsufa ba? Na ce a gaya musu gaskiya mana. Nan ya ɗaga mini hannu, ya tuna mini alkawarin tasha.

Mun gwada dabaru, ba a ce ba mu gwada ba. Na lallaɓa shi ya sha da safe kafin ya fita, ciki ba komai, zuciyarsa ta tashi ya wuni yana tofar da yawu, ya ce ba zai ƙara ba. Inna ta ce a ba ta kwalbar ta riƙe, ya ce ranar da maganin namiji ya koma hannun matarsa, to a fara yi masa addu’a kawai. Sai ta saci ƙwaya guda ta tura a gefen malmalar tuwo, ta danna wurin da babban yatsa, ta raɗa masa cewa ya fara ci daga nan. Aka fitar da akushi, wani ya juya shi wajen ajiyewa. Ladan ne ya ci karo da ita, ya tauna, ya tofar, ya aiko a gaya wa Inna cewa a riƙa rairaye dawa da kyau, yau ya tauna wata tsakuwa mai ɗaci. Baba ya shigo yana dariya har da hawaye. Inna ta yi fushi da ladan, ni kuma na yi fushi da kowa.

Wata safiyar Asabar na fito zan zubar da ruwa, na hango shi tsaye a zaure, tafinsa a kan idon dama, yana kallon katakon ƙofa da na hagu. Ya daɗe. Ya murza idon ya sake kallo. Da ya ji motsina ya sauke hannun da sauri ya ce wani ƙwaro ne. Na tambaye shi ko katakon a miƙe yake, ya ce a miƙe yake. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma na ga tsoro a fuskarsa, abin da ban taɓa gani ba, na kuma san cewa in muka ci gaba da wannan wasan, ranar da zai ce mini ya lanƙwashe tana nan tafe. Ban ce wa kowa komai ba. Washegari na koma Jega, na shiga motar Maiyama, daga can na hau kabu-kabu zuwa rugar su Baffa.

Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma ta dama mini fura da nono mai kauri, aka aika kiransa daga wajen shanu. Bayan mun gaisa na faɗa masa komai, da tabon idon dama, da abin da ya rage a na hagu, da aikin ƙwayoyin, da kwalbar da Baba ya kifa babu ko guda. Na san na karya alkawari, kuma har yau ban yi nadama ba. Baffa ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da bakin sandarsa. Can ya ce shi fa bai taɓa haɗiye ko ɗaya ba, idonsa lafiya lau, ya karɓa ne don ba a mayar da hannun aboki. Wata tsohuwar saniya gare shi da idonta ke zubar da ruwa, ita yake sa wa a cikin dusa.

Matarsa ta fashe da dariya har ta riƙe ciki. Ni ma ban san lokacin da tawa ta kuɓuce ba, ina yi ina share ido. Baffa bai yi dariya ba.

“Ɗiyata,” in ji shi, “ashe idon abokina nika ba saniya.”

Ya tambaye ni yadda likita ya gwada shi, na nuna masa da tafina. Ya ce in koma gida, in sayi sabuwar kwalba in ba Baba kamar kullum, sauran aikin nasa ne. Na roƙe shi kada ya ce ni na faɗa. Ya ce ba zai faɗa ba, amma ubana ba wawa ba ne.

Ranar kasuwa ta zagayo, na nemi izini a makaranta na tafi gida. Aka fitar da tuwo, na laɓe a wurina na bayan ƙyaure. Baba ya zaro kwalba, ya girgiza, ya miƙa wa Baffa. Baffa bai tara hannu ba. Ya matso har gwiwarsu na gugar juna, ya ɗora tafinsa a kan idon Baba na hagu, ya ce ya dube shi ya faɗi abin da ya gani. Baba ya ce yana ganin Bahillace mai son tuwon banza. Aka kwashe da dariya. Baffa bai ɗauke hannunsa ba.

“Dariya nikai ko kuka?” in ji shi.

“Dariya mana,” in ji Baba.

Hawaye ne ke bin fuskar Baffa suna shiga gemunsa. Kowa a wurin yana gani, har ni da ke bayan ƙyaure. Dariyar ta mutu. Baba ya ji shirun, ya gane ya faɗi ba daidai ba. Sai ya yi magana a hankali.

“Ina ganin rawaninka, ina ganin gemunka. Tsakani ba kowa.”

Baffa ya sauke hannu, ya goge fuska da bakin rawani, ya juya ga sauran. Ya gaya musu cewa ido ɗaya ya rage wa mutumin nan, abin da ke cikin kwalbar nan kuma abincin idon ne, su ne suka yi ta cinye masa, shi Baffa ma ya fi kowa laifi don nasa kason saniya ya ba. Na ƙanƙame ƙyauren ina jiran abin da Baba ke tsoro, a fara salati ana girgiza kai ana ce masa sannu. Ladan ne ya fara magana. Ya ce tun da abin ya zo ga faɗin gaskiya, jinjirin watan nan ma wani ne ya nuna masa da yatsa. Mai sanda ya ce gwiwarsa na nan yadda take, ranar da ya taka zuwa fadama a amalanke aka dawo da shi. Wanzami ya ce shi aman da ya yi dai ya yi shi, ba wanda zai mayar masa, amma yanzu ya gane dalilin da aka ce ya karkata gyaran fuska alhali shekara da shekaru hannunsa bai taɓa rawa ba, don haka yana jiran a ba shi haƙuri a gaban jama’a. Baba ya ce gyaran fuskar nan ko da ido huɗu aka kalle shi a karkace yake. Aka sake ɓarkewa da dariya, har da shi.

Babu wanda ya ce masa sannu. Baffa ya ɗauki faifai ya rufe akushin, ya ɗora sandarsa a kai. Ya ce daga yau doka ce, Baba zai fara yin loma, ya haɗiye ƙwayarsa a gabansu, sannan a ɗaga faifai kowa ya sa hannu. Baba ya ce ai shi bai iya cin abu shi kaɗai ba, sun sani.

“Ba kai ɗai kaka ci ba,” in ji Baffa. “Ga mu duka, yunwa na cinmu. Yi maza, tuwo na hucewa.”

Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga gefen faifai ya yanko loma, ya jefa ƙwayar a baki, ya kora da ruwa, tsofaffi huɗu na bin maƙogwaronsa da kallo. Wanzami ya ce ya buɗe baki a gani, kada ya ɓoye ta a kumatu ya kai wa wani.

Dokar na nan har yau. In Baffa ba ya nan ladan ke riƙe faifai, kuma ya fi Baffa tsanani, don shi ba ya son jira. Inna ta mayar da kwaɗon zogale abin kullum, sauran gidajen ma suka kama, har mai sanda na ƙorafin an mayar da su awaki saboda idon mutum ɗaya. Muna komawa wajen likita lokaci-lokaci. Idon hagu ya ɗan ƙara rauni, amma yana nan yana aiki, Baba na zuwa fadama da ƙafarsa, yana gane mai zuwa tun daga bakin hanya. Likita bai taɓa yi mana alkawarin komai ba, ni ma ba zan ce ƙwayar ce kaɗai ta riƙe shi ba. Yana sha, muna roƙon Allah.

A ranar da Baffa ya kafa dokar nan dai, bayan la’asar, Inna ta ce Baba na kirana a ɗakinsa. Na tafi, na shirya shan faɗan da ban taɓa sha ba. Ni ’yar fari ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, kuma tun da na yi wayo, in yana mini magana bango yake kallo ko tabarma. Na durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda na saba. Ya ce in shigo. Na shiga. Ya ce in matso wajen taga inda haske yake. Ya ce ya san wanda ya je Maiyama, kada ma in wahalar da kaina.

“Wanga ido da kike ta hwaɗa a kai,” in ji shi, “bari in yi aiki da shi tun shina nan.”

Ya ɗora tafinsa a kan na dama, ya kalle ni da na hagu, kai tsaye, cikin fuska. Na rasa inda zan sa idona. Na sunkuyar da kai, ya ce in ɗago. Ya daɗe yana kallo, daga goshi har haɓa.

“Ashe kin yi hurhura,” in ji shi. “Tashi ki tahi.”

Na fito tsakar gida ina dariya, hawaye na zuba, Inna ta saki muciya ta biyo ni tana tambaya ko dukana ya yi.